Shekarar da Aka Tambaye Ni Wane Ne Nasiru

Ku 'ya'yana, da ku jikokin da Larabci ya cinye muku rabin harshe, wannan babin ne nake so ku karanta a zaune. Na ji labarin da ke yawo cewa wai an ba ni takardar barin Riyad ne saboda na mari wani Bature a filin golf. Ban san wanda ya ƙirƙiro shi ba, amma ina zargin ƙaraminku Usman, don tun yana yaro ba ya ganin labari tsirara ya ƙyale shi sai ya ɗinka masa riga. Ni ban mari kowa ba. Karatuna a aji huɗu ya tsaya, amma ko ɗan aji ɗaya ya san baƙo mai iƙama, wato takardar zama, ba ya ɗaga hannu a ƙasar mutane. Abin da ya faru ya fi mari nauyi, kuma ni na ƙulla shi da hannuna tun ba a haifi yawancinku ba.

Da sunan direba na shigo ƙasar nan, amma kafilina, Balaraben da ya tsaya mini, Allah ya jiƙansa, ya dube ni ya ga na fi kama da mai shara, sai ya kai ni wani filin golf can bayan gari. Kada ku tuna da irin na yanzu mai ciyawa kamar kafet. Wancan rairayi ne zalla. Kewayen kowane rami ana cakuɗa yashi da baƙin mai don ƙwallo ta gangara, ni kuma aikina in bi bayan masu wasa ina jan wani faffaɗan katako ina share sawunsu. Kowane Bature yana tafe da 'yar guntuwar ciyawar roba a hammata, in ya zo inda ƙwallonsa ta faɗi ya shimfiɗa, ya ɗora ta a kai, ya buga. Ranar farko da na ga manyan mutane suna yawo a rana da 'yan dardumomi, na ce a raina Allah mai iko, ashe duk sun musulunta.

A lokacin uwarku Talatu tana gida, can garinmu gefen Haɗeja. Ta haifa mini ɗa namiji aka sa masa Nasiru. Sau ɗaya na gan shi, da na je hutu yana wata uku. Na ɗauke shi ya yi mini fitsari a sabuwar jallabiyar da na saya don a san daga Saudiyya nake. Wannan hutun ne kuma ya jawo mana surutun tsofaffi, don kafin a yaye shi sai ga cikin Maimuna. Na dawo Riyad na sa wa kafilina naci har ya yarda ya nema mini izinin kawo iyali, abin da ba kowane lebura ke samu ba. Aka rubuta Talatu, aka rubuta Nasiru, aka manna ɗan hotonsa a fasfon uwarsa yadda ake yi a da. Muna jira, ƙyanda ta shigo gari. Nasiru ya rasu Maimuna tana da wata ɗaya a duniya.

Bayan kusan shekara biza ta fito, da sunan mace ɗaya da yaro ɗaya namiji. Kafilina ya ce, da gaskiyarsa, wannan ƙofa sau ɗaya take buɗewa, in aka mayar da takarda don canji ban san ranar da za ta sake fitowa ba. Na aika gida cewa Talatu ta bar jaririyar wurin kakarta ta taho. Amsar da ta aiko mini a kaset ba ta da tsawo.

"Na binne ɗaya. Ba zan bar ɗaya ba. In ba da ita ba, ka ci gaba da zamanka da Larabawanka."

To a nan ne basirar ɗan aji huɗu ta motsa. Maimuna ƙatuwar jaririya ce, tana shekara ɗaya amma in ka gan ta ka ce biyu. Jarirai kuma a hoto duk ɗaya suke, kamar ƙwan zabi. Na aika a aske mata kai, a cire 'yan kunne, a sa mata hula. Ku rubuta wannan ku ajiye: shawarata ce, ba ta uwarku ba. Haka Maimuna ta sauka a Riyad da sunan yayanta.

Kun san uwarku da alkunyar ɗan fari. Tun yaron yana raye ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce "yaron nan". Da ya rasu kuwa sai bakin ya rufe gaba ɗaya. Ni ma na bi sahu, don shirun ya yi mini daɗi. Larabawa suka duba iƙamata suka fara kirana Abu Nasir, ku kuma kuka taso kuna jin haka kuka ɗauka laƙabi ne irin wanda suke liƙa wa kowa. Ba wanda ya tambaya, ba wanda ya faɗa.

Ɗaki ɗaya muke da shi a unguwar Sulay, bayan wani sito na tayoyi. A cikin ɗaki Maimuna ce, in za a fita a sa mata 'yar jallabiya da hula. Da ta fara ƙiriniya, uwarku tana fama da cikin Bilkisu, sai na riƙa tafiya da ita wurin aiki. Ga shi a wancan zamani ba wanda zai bar yarinya mace ta yi yawo a filin maza, amma ɗan mai shara ba wanda ya kula da shi. Tana shekara huɗu ta tsinci karyayyiyar sanda ta fara dukan duwatsu. Wani tsohon Bature mai jan hanci ya tsaya ya kalle ta, washegari ya kawo mata sanda da ya yanke daidai tsawonta. Ya dafa ni ya ce ɗan nan naka zai yi nisa. Na ce amin, ina kallon ƙasa.

Da lokacin makaranta ya yi, ƙarya ta zo inda ba ta da hanya, don ba a kai mace makarantar maza. Mu'aƙƙibin kafilina, wato mai bin takardu a ofisoshi, ya shiga ya fita, aka rubuta cewa kuskuren magatakarda ne, aka mayar da Nasiru Maimuna, namiji ya koma mace. Shekarar haihuwa dai aka bar ta yadda take. Na yi ajiyar zuciya na ce halas, in ji Larabawa, an rufe. Ita kuma muka ce mata muna sa mata kayan maza ne don ta samu bin babanta wurin aiki, wanda rabinsa gaskiya ne, kuma ni a lokacin rabin gaskiya ya ishe ni.

Daga nan fili ya haramta gare ta. Muka koma unguwar Badi'a, ta rataye tsohon kafet a saman bene tana dukan ƙwallo a jikinsa kullum bayan makaranta. Wadda ta kuɓuce mata kuma maƙwabta su ji a jikinsu. Akwai wani Basudane da har yau in ya gan ni sai ya nuna mini gilashin motarsa. Uwarku ta yi faɗan har ta gaji.

"Malam, ka hana yarinyar nan. Wa zai auri mace mai dukan kafet?"

"Wanda ya san in ya yi wasa shi ne kafet ɗin."

Sai zamani ya juya. Mata suka fara tuƙi, aka buɗe musu wasanni, filinmu ya zama ciyawa, ni na tashi daga jan katako na koma tuƙa injin yankan ciyawa, wato dai a ƙarshe na zama direban da na zo zama. Aka ɗauki Maimuna tana koya wa mata da yara golf, ta samu iƙamarta ta kanta. Kun san ta: doguwa, kafaɗa irin ta kakanta maƙeri, murya kuma in ta yi sallama daga ƙofa sai ka gyara zama. In ta buga ƙwallo ana jin ƙarar daga wurin ajiye motoci.

Shekarar da nake ba ku labari, aka ce za a yi babbar gasar mata ƙwararru a Riyad, kuma an ware gurbi uku ga waɗanda suka yi fice a wasan share fage. Wanda ya shiga, ƙofar zama ƙwararre ta buɗe masa. Maimuna ta sa sunanta. A daidai lokacin kuma ake ta cece-kuce a ƙasashen waje kan mutanen da aka haifa maza daga baya suka koma mata, ko ya halatta su yi gasa da mata ko bai halatta ba. Masu shirya gasar suka fito da ƙa'ida, kowace 'yar wasa sai ta nuna yadda aka rubuta ta tun haihuwa. Maganar ta iso har rumfar da mu ma'aikata muke shan shayi da hantsi. 'Yan Pakistan na faɗin tasu, 'yan Filifin na faɗin tasu, ni kuwa na miƙe ƙafa na zama muftin rumfa.

"Ku dai ba ku da aiki," na ce musu. "Wannan har abin musu ne? A duba takardar farko kawai. Abin da aka rubuta ranar farko shi ne gaskiya. Takarda ba ta ƙarya!"

Wallahi haka na faɗa, da bakin nan nawa, har ina buga kofi a benci. Ko gezau ban yi ba. Shekara ashirin da wani abu sun sa na manta da cewa ni kaina na taɓa koya wa takarda ƙarya.

Ranar wata Talata bayan la'asar, ina zaune a falo ina cire safa, uwarku tana tsince shinkafa, Maimuna ta shigo ba sallamar nan mai girgiza ƙofa. Ta zauna a ƙasa ta ajiye wata takarda a gabana.

"Baba, sati biyu ke nan ina ɓoye muku wani abu. An kai ƙarata wurin masu gasa. Wai ƙwallona tana nisa fiye da ta mace. Suka binciko fayil ɗina na farko, suka ga an rubuta namiji har na kai shekara shida."

"Kai, magatakardan da! Ai rabinsu barci suke..."

"Baba, bari in gama. Sun tura ni wurin likita. An duba ni, an ɗebi jinina. Ban gaya wa Umma ba don kunya. Sakamako ya fito, mace ce ni, kamar da ina shakka. Na ɗauka an gama. Sai shugabar kwamitin ta ce, kuskuren alƙalami yana canza harafi ɗaya, ba ya canza suna da jinsi gaba ɗaya. Ta ce in ba namiji aka haife ni ba, to da takardun wani nake yawo, kuma ba za su bar wadda ba su san ko wace ce ba ta buga musu wasa. Ta yi mini tambaya ɗaya na kasa amsawa." Ta sa yatsa a kan takardar. "Baba, wane ne Nasiru?"

Ni da ba a taɓa rufe mini baki a rumfar shayi ba, sai na shiga kame-kame. Na ce ai Nasiru suna ne mai albarka, Larabawa ma suna son sa. Na ce wa ya ga ɗaya safar tawa. Uwarku ta ajiye tiren shinkafa a hankali ta shiga ɗaki. Muka ji tana jan akwatin nan na ƙarƙashin gado da ba ta bari kowa ya taɓa. Ta fito da wani tsohon gwangwanin alewa, ta buɗe, ta zaro katunan asibiti guda biyu na awon jarirai, sun yi ja don tsufa. Ta ajiye su gefe da gefe a gaban 'yarta.

"Wannan naki ne. Wannan na yayanki ne." Sannan ta ce, "Nasiru. Sunansa Nasiru. Ya yi wata goma sha uku. Ya fara tafiya yana bin bango. A bayansa kika shigo ƙasar nan, shi ya goyo ki."

Tun da na auri matar nan ban taɓa jin sunan a bakinta ba sai ranar. Ya fito mata kamar wanda aka daɗe da ajiyewa a ƙasan akwati, da ƙamshin ajiya a jikinsa. Maimuna ta ɗauki katin tana juyawa. Ta tambayi kamanninsa. Uwarku ta ce kunnuwan babanki gare shi, Allah ya rufa masa asiri bai girma da su ba. Muka yi dariya mu uku, irin dariyar da ake yi da hanci a toshe. Ranar ba a ci shinkafa ba sai bayan magariba.

Washegari na nemi Malam Idi ɗan Maraɗi, abokina da ya zo karatun shari'a tun gashinsa na baƙi, har yau kuma bai gama ba, don ya ce ilimi teku ne, ni kuma na ce shi dai ya ƙi fitowa daga ruwan. Muka zauna bayan azahar a harabar masallaci na kwance masa komai. Ya ja gemu, ya jero mini Larabci mai kauri wanda ko Larabawan unguwa sai sun nemi fassara.

"Malam, sauko ƙasa. Ka faɗa mini da Hausa."

"Da Hausa, Alhaji, ka yi ƙarya."

"Wannan na sani tun kafin ka fara digiri. Mafita nake nema."

"Mafita biyu ce. Ko yarinya ta janye a yi shiru, fayil ya koma inda yake barci. Ko ka rubuta gaskiya ka rantse ka sa hannu. Amma ka sani takarda irin wannan ba ta tsayawa a filin wasa, sai ta kai ofishin iƙama. Ita ba za a kama ta da laifi ba, jaririya ce a lokacin. Kai ne. Mafi sauƙin abin da zai same ka shi ne huruj, fita ba dawowa. Hajiya kuma a ƙarƙashinka take, ƙafarka ƙafarta."

Da na kawo maganar gida, Maimuna ta riga ta yanke nata hukuncin.

"Na janye, Baba. Halas. Gasa ce kawai, wata za ta zo."

"Watan ma za su tambaya."

"To sai in bar gasa. Ina koyarwata. Kai shekara talatin da biyar a nan, maganin hawan jininka a nan, jikokinka a nan. Me za ka je ka yi a gida?"

Zan gaya muku abin da ba na so in faɗa: na ji daɗin maganarta. Na yi 'yar gardama ta fatar baki, irin wadda baƙo ke yi in an ce ya ƙara tuwo, sannan na ƙyale. Kwana uku ban sake tada maganar ba. Na saba da garin nan. Na san Dir'iyya, tsohon garin nan na gefen Riyad, tun tana kangon ƙasa da ba mai zuwa, ga ta yanzu manyan injina sun tsaya mata a kai kamar raƙuman dawa. Na san inda ake sayar da shinkafar kabsa mai arha, na san wane limami ne ba ya jan sura. A garinmu kuwa waɗanda suka san ni yawanci suna maƙabarta.  Uwarku kuwa ta bar gwangwanin nan a kan talabijin, inda duk na juya sai na gan shi. Matar nan da an ba ta aikin hukuma da ba a yi laifi a ƙasa ba.

Rana ta huɗu da safe ina kan injina kusa da inda ake koyon bugu, na hango Maimuna da ɗalibanta. Da ma zance ya riga ya zaga fili, kun san magana ba ta neman biza. Na ga wata mata ta zo ta kama hannun 'yarta ta janye ta daga layi, tana murmushin da ya fi zagi. Na ga wasu biyu suna kallon kafaɗun Maimuna suna magana a bayan hannu. Wannan duk bai kashe ni ba. Abin da ya kashe ni, na ga 'yata ta sunkuyar da kafaɗa, ta rage tsawonta, kuma da ta yi wa yaran magana sai na ji ta siranta murya, muryar da ba tata ba. Ta ɗauki sanda ta nuna musu bugu, ta buga a hankali, ƙwallo ta faɗi nan kusa kamar ta kowa. Da gangan ta yi. Na kashe injin. Na ce a raina, Iliyasu, ka sa mata hular wani tana shekara ɗaya don kai ka samu sauƙi, yau ga ta tana sa wa kanta wata hular don kai ka samu sauƙi. In ta janye, abin da matan nan ke raɗawa shi zai zama tarihinta.

Ranar da za mu je gaban kwamiti na sa babbar rigata ta Sallah, uwarku ta sa gwangwani a jaka. Maimuna ta tare ƙofa.

"Baba, wallahi ban yarda ba."

"Ba a nemi yardarki ba ranar da aka aske miki kai, yau ma ba a nema. Matsa, kina tare mini iska da kafaɗun maƙera."

Shugabar kwamitin wata Baturiya ce mai furfura, likita, da tabarau a rataye a wuya. An kawo mai fassara, amma na ce a bar ni da Turancina, wanda na koya daga bakin masu neman ƙwallo a rairayi, rabinsa zagi ne. Bayan jimla uku ita da kanta ta roƙi mai fassara ya taimaka. Na faɗi komai: ƙyanda, kaset, aski, hula, mu'aƙƙib. Uwarku ta miƙa katunan. Matar ta sa tabarau ta daɗe tana duba su, har ta shafa na Nasiru da yatsa. Sannan ta tambaye ni ko na san inda wannan takarda za ta je in na sa hannu.

"Na sani, Madam. Ni da ita hanyarmu ɗaya, ita ta yi ofis, ni in yi gida."

Na sa hannu. Sa hannun da na fi kyautatawa ke nan a rayuwata, har da 'yar wutsiya.

A ofishin iƙama wani jami'i mai furfura a gemu ya karanta bayanin sau biyu. Ya ɗago ya ce, "Ya Abu Nasir, Allah ya sa yaron ya cece ku." Shekara ashirin da biyar, shi ne mutum na farko da ya yi mini ta'aziyyar ɗana a ƙasar nan, don duk tsawon shekarun nan ban bar kowa ya sani ba. Ya ce doka doka ce, amma an duba shekaruna da kuma cewa da ƙafata na zo, ba ɗauri, sai dai fita, an ba ni wata biyu in tattara. Aka gyara wa Maimuna takardu da ranar haihuwarta ta gaskiya, kwamiti kuma ya yarda ta buga. Ita kaɗai ce macen da na sani da hukuma ta rage wa shekara, sauran da kansu suke ragewa.

Kuna iya tambayata, to Baba yanzu mene ne ra'ayinka kan waɗancan na ƙasashen waje da aka yi dokar dominsu? Abin da addinina ya ce na san shi, ban kuma canza ba. Dokar wasa kuma masu wasa suka san ta, kuma na ga dalilin matan da ke cewa a yi musu adalci. Amma Maimuna ta gaya mini wata magana a mota: "Baba, ni sati uku aka yi ana auna ni da ido na ji kamar in shige ƙasa. Ko ma wane ne mutum, ba na yi masa fatan wannan kallon." Tun daga ranar na ajiye muƙamin muftin rumfa. In an taso da maganar, shayina nake sha.

Ranar share fage na ce ni zan ɗaukar mata jaka. Ta ce gwiwata, na ce gwiwar da ta ja katako shekara da shekaru a rairayi ba jakar sanduna za ta kayar da ita ba. A gasa irin wannan ana ba mai ɗaukar jaka wata 'yar riga mara hannu, da sunan 'yar wasansa a baya. Aka miƙo mini tawa, na juya ta na karanta da karatuna na aji huɗu, harafi bayan harafi: MAIMUNA. Uwarku, wadda ba ta taɓa taka filin golf ba, tana tsaye bayan igiya da lema, ta ce in juyo ta gani. Na juya mata baya. Ban ga fuskarta ba, sai na ji ta ce, "To. Ya yi."

Mai sanarwa ya kira sunanta. Ta miƙe tsawonta duka, ta buɗe kafaɗun nan, ta yi bugun da sai da tsuntsaye suka tashi daga bishiya. A rami na ƙarshe kuwa, ƙwallo taku ɗaya daga rami, wadda ko uwarku za ta tura da tsintsiya, 'yar nan ta ɓarar. Na ce mata a kunne, "Na sayar da iƙamar shekara talatin da biyar don in ga wannan?" Ta yi dariya har ta dafa jaka, ta jefa ta biyun. Da bugu ɗaya ta tsira. Ta uku ta zo, gurbin ƙarshe, amma ƙofa ba ta tambayar wa ya shiga daga baya.

Yanzu kwana tara suka rage mana. Falo ya cika da kwalaye, uwarku tana faɗa da ni kan tsohon katakon sharata da na ce sai na tafi da shi. Gwiwar ma, in faɗi gaskiya, tun ranar ba ta yafe mini ba. Maimuna ta ce za ta biyo mu hutun farko, don akwai inda muka yi alkawarin zuwa mu uku. Uwarku ta ce ta san wurin, gabas da wata tsamiya, in ba a sare ta ba. Ban taɓa zuwa ba. Zan tsaya a kan kabarin Nasiru in yi masa sallama, in ce masa ga babanka mai kunnuwa, na ari sunanka ba da izininka ba, ya yi aikin da ya yi, ya kawo ƙanwarka har inda za ta iya tafiya da nata. Ga shi na dawo maka da abinka.